Dona Zulmira Mai Tsaga Rake

Duk wanda ya taɓa zama a unguwarmu ta bayan tashar mota a Piracicaba ya san Dona Zulmira. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, tana ɗan jan ƙafar hagu, kuma ba ta tsayawa gaisuwa, sai dai ta jefo maka ita tana wucewa. Ni sunana Nilza, ni ke da gidan burodin da ke kan kwana. Ni ce uwar baftismar autanta, saboda haka tsakanina da ita babu ɓoye-ɓoye.

Tana 'yar shekara goma sha biyar aka kawo ta daga arewacin jihar Minas a bayan babbar mota, ita da yayyenta biyu, yankan rake. A zamanin sai an cinna wa gona wuta kafin a shiga sara, mutum ya fito da yamma ba a gane shi sai in ya yi dariya. Shekara ashirin da huɗu ta yi da adda a hannu. A gonar ta haɗu da mijinta Valdomiro, kuma hayaƙin gonar ne ya ci masa ƙirji har ya bar ta da 'ya'ya uku. Da injinan yanka suka shigo aka sallami jama'a, ta zo wurina neman aikin wanke-wanke. Ba ni da gurbi. Na ce mata na ji wani malamin jami'a, Dakta Caporali, ya buɗe wani wuri a bayan gari yana neman mai shara, sai dai an ce tsutsa ake kiwo a ciki.

Ta ce, "Tsutsa? Suna cizo?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "To, ni ma ai ina cizo." Washegari ta tafi a ƙafa.

Abin da Dakta ke yi a wurin ba shi da wuyar faɗi. Akwai tsutsar da ke huda rake ta cinye cikinsa, ya yi ja ya ruɓe. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiyar rina, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, wadda ke zuba ƙwanta a jikin tsutsar, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su kashe ta. Dakta yana kiwon su duka biyun, yana sayar wa manoma rinar a ƙananan kofuna, su saki a gona a madadin feshin guba.

Wata uku Zulmira ta yi tana shara. Ran nan wata ma'aikaciya ba ta zo ba, aka ce ta zauna a kujerarta. Aikin shi ne ka ɗauki tsutsa guda, ka miƙa wa rina ta harbe ta, ka ajiye, ka ɗauki wata, tun safe har la'asar. Masu digiri kan yi sati biyu su gudu. Ita kuwa ta ce wanda ya yi sara a rana, zama a inuwa ana miƙa tsutsa ai hutu ne. Shekara goma sha tara ta yi a kan wannan kujera. Ta kai in ta dubi launin tsutsa ta san ba ta da lafiya, in ta ga yadda rina ke tashi ta san ranar ba za a yi abin kirki ba. Dakta da kansa kan leƙo ya tambaye ta kafin ya duba na'urarsa.

Shekarar da ta yi ritaya kamfanin ya riga ya girma, ma'aikata sun haura ɗari uku, har ya shiga kasuwar hannun jari a São Paulo. Aka yi wa tsofaffin ma'aikata tayin su sayi hannun jarin da sauƙi. Yawancinsu da suka karɓi kuɗin sallama babur suka saya, ko suka sa tayil a ɗaki. Zulmira ta zuba nata kaf a kamfanin. 'Ya'yanta suka yi ta faɗa, ta ce in suna son babur su je su yi sara shekara ashirin da huɗu.

Mu ma sai muka bi sahunta. Da ni, da Gilmar likitan haƙori, da Seu Aristides, ƙanen marigayi mijinta, wanda ya ƙare aikinsa yana akawu a banki. Duk Asabar da hantsi mukan haɗu a teburin da ke bakin ƙofar shagona, da gahawa da burodin cuku, Aristides ya buɗe wayarsa ya karanto mana farashi. Shekara huɗu abin yana tafiya sama a hankali, kowa yana ganin kansa mai wayo.

Sannan kamfanin ya fito da sabon abu: wata irin rina da suka ce ba ta jin zafin rana, kuma ba sai mutum ya bi gona da kofi ba, ƙaramin jirgi marar matuƙi zai zubo ta daga sama. Aka yi ta talla. Damina ɗaya da fara sayarwa, wata babbar masana'antar sukari ta soke cinikinta, ta ce ta saya ta zuba, tsutsa ko gezau. Ana cikin haka wani saurayi mai sharhi a wani gidan dillalan hannun jari ya rubuta shafi arba'in, ya ce sabuwar rinar holoƙo ce, kamfanin kuwa nan da shekara biyu sai labari. Kwana uku bayan haka wata mata a wani banki ta rubuta nata, ta ce ƙarya ne, farashin ma ninkawa zai yi sau uku. Kasuwa ta bi maganar saurayin. Cikin wata guda abin da muka zuba ya koma ƙasa da rabi.

Asabar ɗin da ta biyo baya ko burodin ba a taɓa ba.

Aristides ya kifa wayarsa a tebur ya ce, "Na gaya muku tun bara. Wanda bai fita ba yanzu, da tsinke zai fita."

Gilmar ya ce, "Yaushe ka gaya mana? Bara ai kai ne kake cewa mu ƙara! Seu Aristides, matar nan ta banki digiri biyu gare ta. Yanzu ne lokacin saye, kaya ya yi arha."

"Mushe ma ai arha gare shi."

"Kai dai tsoro. Shekara talatin kana ƙirga kuɗin mutane, shi ya sa hannunka ke rawa da naka."

"Kai kuma ka saba mutane suna buɗe baki ba sa iya ba ka amsa."

Zulmira tana ta juya cokali a kofi. Can ta ce, "Akawu, wannan yaron mai shafi arba'in, ya taɓa tsaga rake?"

Aristides ya ce, "Matar yaya, ba aikinsa ba ne. Shi lissafi yake yi."

"Ita kuma mai digiri biyun, Gilmar?"

Gilmar ya ce shi dai bai sani ba.

"To ku biyun nan kuna neman cin kwalar juna a kan maganar mutum biyu da ba su taɓa ganin cikin rake ba. Kowa ya riƙe nasa tukuna. Zan je in duba."

Aristides ya yi dariya har da tari. "Ki duba ina? Gonakin jihar nan duka? Da wannan ƙafar?"

Ta ce, "Ita dai nake da ita."

Shekararta sittin da uku a lokacin. Ranar Litinin ta ciro tsohuwar addarta, ta wasa, ta naɗe a jarida, ta zuba shinkafa da wake a ɗan kwano, ta ɗauki littafin makaranta da ya rage shafuka, ta hau motar farko. Karatunta bai yi nisa ba, amma ta iya jan layi da zagaye. Tsofaffin abokan aikinta na ɗakin ɗaurin kaya suka gaya mata gonakin da aka kai wa sabuwar rinar. A kowace gona takan roƙi izini, ta sare rake ashirin daga wurare daban-daban, ta tsaga kowanne gida biyu daga sama har ƙasa. In ta ga ja da tsutsa mai rai ta ja layi. In ta ga ɗan farin dunƙule kamar auduga, alamar rina ta yi aikinta, ta yi zagaye.

Ba ko'ina aka karɓe ta ba. Wani manaja ya sakar mata karnuka. Wani ya kira 'yan sanda, wai ya kama ɓarauniyar rake, sai ɗan sandan da ya zo ya zamana ɗan wata tsohuwar abokiyar sararta ne, shi ya riƙe mata raken tana tsagawa. Kuma ba ta tambayar masu ofis komai. Lebura take nema a gindin bishiya lokacin cin abinci, ta zauna ta buɗe kwanonta, ta ce, "Ɗana, jirgin nan mai zubo ƙwari, da ƙarfe nawa yake zuwa? Yaushe kuka yi feshi na ƙarshe?"

Rana ɗaya na bi ta, don 'yarta ta roƙe ni. Kafin tsakar rana na zube a inuwa ina haki, ganyen rake ya yayyanka mini hannu. Na ce, "'Yar uwa, don Allah mu koma. Ko kin gano gaskiyar, wa zai saurare ki?"

Ta sare wani raken ta ce, "Ni zan saurari kaina. Kwana nake yi ina tunanin ko shekara goma sha tara na yi ina miƙa tsutsa a banza. Gara in sani."

Sati bakwai ta yi, gona talatin da ɗaya. Gwiwarta ta kumbura har takalmi ya daina shiga, ta koma silifas. Sannan ta zo teburin Asabar ta ajiye littafin tsakanin kofuna.

Ta ce, "Ga shi. Duk inda aka zuba da sanyin safiya, kuma ba a yi feshi kusa ba, zagaye ne ya fi yawa, har ya fi na tsohuwar rinar da na sani. Inda aka zuba da rana tsaka, layi ne zalla. Sun mutu kafin su sauka. Masana'antar nan da ta soke ciniki kuwa, da ƙarfe ɗaya na rana suke tashin jirginsu, don lokacin ne mai tuƙin ke da sarari."

Gilmar ya buga tebur. "Na faɗa! Tana aiki!"

Aristides ya ce, "Ka ji ka! Abin da ta ce shi ne kamfani ya yi ƙarya. Sun ce ba ta jin rana, ga shi tana ji."

Zulmira ta ce, "Kowannenku ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Rinar ba ta da laifi, masu tallarta ne suka cika baki. Abu ne mai gyaruwa, in sun yarda sun faɗi gaskiya."

Aristides ya cire tabarau ya goge. Wannan karon ba da wasa ya yi magana ba. "Matar yaya, na yarda da idonki, na rantse. Amma kasuwa ba ta tsaga rake. Kafin su gyara, su lallashi manoma su dawo, shekara nawa? Ni saba'in nake nema. Ba ni da lokacin jira."

Ta dube shi ta ce, "Wannan magana ce. Ka sayar."

Ranar Litinin ya sayar. Gilmar kuwa ya sayar da motarsa ya ƙara saye, da Zulmira ta ji ta same shi har asibitinsa ta wanke shi tas a gaban marasa lafiya, ta ce ita ba ta ce kowa ya yi caca da sunanta ba. Ni ma na sayar da nawa. Na ce wa mutane tanderuna ne ya lalace, kuma da gaske ya lalace, amma tsoro ne ya fi yawa. Da na gaya mata, cewa kawai ta yi, "Guminki ne, 'yar uwa," ta karɓi burodinta ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Farashi ya ci gaba da zamewa. Bayan wata huɗu wani ƙaton kamfanin maganin feshi ya zo da tayi: zai saye kamfanin gaba ɗaya, ya ɗan ɗora wani abu a kan farashin ranar. Masu hannun jari suka rabu biyu. Manyan 'yan kasuwa suka ce a karɓa tun kafin a rasa mai tayi. Heloísa, 'yar Dakta Caporali, wadda ke riƙe da kamfanin tun da shanyewar jiki ta kwantar da mahaifinta, ta ce ba za a sayar ba. Aka sa ranar ƙuri'a a wani otal a São Paulo.

Zulmira ta ce za ta je. Aristides ya ce, "Ƙuri'arki fa kamar ɗigon ruwa ce a kogi."

Ta ce, "An ce duk mai hannun jari yana da minti uku na magana. Nawa nake so."

Na raka ta, ko da yake ba ni da ta cewa, don a samu mai ɗaukar mata damin da ta haɗa. Rake goma sha biyu ne tsagaggu, ɗaure da igiya, shida da jan zare, shida da fari. Mai gadin otal ya tare mu ya ce ƙofar masu kawo kaya tana baya. Ta zaro takardarta ta mai hannun jari ta nuna masa, ya karanta sau biyu, ya kauce.

Zauren cike yake da masu kwat. Aka yi ta jawabi da hotuna a bango har kusan awa biyu. Da aka kira sunanta ta tashi tana jan ƙafa, ta kwance damin a kan teburin shugabanni, ƙasa ta zube a farin ƙyallensu.

Ta ce, "Sunana Zulmira. Na yi aiki a wannan kamfani tun muna mu tara. Ga rake. Wannan mai farin zare an zuba masa rina da safe, ku duba cikinsa. Wannan mai ja an zuba da rana, ku shinshina." Ta miƙa wa wani mai furfura da ke kan gaba wajen son a sayar. Ya karɓa da yatsu biyu. "Ku masu son sayarwa, kuna cewa kayan ba ya aiki. Yana yi. Kuma wanda zai saya ya sani, in ba haka ba me mai sayar da guba zai yi da mushe?"

Wasu suka yi tafi, Heloísa ta fara murmushi. Sai Zulmira ta juya kanta.

"Ke kuma 'yata, na san ki tun kina zuwa da jakar makaranta kina tsoron tsutsa. Wa ya ce ki rubuta cewa ba ta jin rana? Babanki bai taɓa sayar da abin da bai gwada ba. Ki fita ki gaya wa manoma kin yi kuskure, ki ce su zuba da safe, ki mayar wa waɗanda suka yi asara. In ba za ki iya ba, to gara a sayar ɗin, ni ma zan ɗaga hannu."

Mai kula da lokaci ya ce minti uku sun cika. Ta ce ta sani, ta gama. Fuskar Heloísa ta yi ja kamar cikin raken.

Aka kaɗa ƙuri'a, masu cewa kada a sayar suka yi rinjaye da ɗan kaɗan. A unguwarmu har yau ana cewa Zulmira ce ta ceci kamfanin. Ba haka ba ne, ita ma takan musa. Wani babban asusun 'yan fansho ne ya ƙi, kuma tun kafin su shigo zauren suka yanke shawara, don sun raina tayin. Abin da na gani da idona dai shi ne, muna jiran mota a waje, Heloísa ta biyo mu da sauri ba ta ko ɗauki jakarta ba, ta ce, "Dona Zulmira, ko za ki ara mini littafin nan?"

Zulmira ta ce, "Ba za ki gane shi ba, layi ne da zagaye. Ki zo gida ranar Laraba in karanta miki. Ki zo da takalmin shiga gona."

Ta zo. Kafin damina ta gaba kamfanin ya janye tallarsa, ya buga wa manoma sabuwar ƙa'ida, ya maye wa waɗanda suka yi asara da wata rinar kyauta. Ranar da aka sanar da haka farashi ya ƙara faɗuwa, Gilmar ya kwana biyu bai buɗe asibiti ba.

Ninkawa sau ukun da matar banki ta yi alkawari ba ta zo ba, rushewar da saurayin ya hango ita ma ba ta zo ba. Shekara uku ke nan yanzu, farashin yana rarrafe, ya ɗan wuce inda yake kafin rikicin. Aristides ya zuba nasa a wani wuri ya samu fiye da haka, kuma ba ya bari a manta. Gilmar har yau a motar haya yake zuwa aiki, yana cewa baɗi ne. Ni kuwa na sayi sabon tanderu, ba na shiga musun, gahawa kawai nake ƙara musu.

A watan jiya jikarta Ivonete ta samu shiga jami'a a Viçosa, za ta karanci aikin gona. Karatun kyauta ne, amma ɗaki da abinci ba kyauta ba ne. Asabar ɗin Zulmira ta zo da wuri, ta zauna kusa da Aristides, abin da ba ta saba ba. Ta yi ta kame-kame, sannan ta tura masa wayarta.

"Akawu, kashi ɗaya cikin huɗu nake so in sayar. Yaya ake yi?"

Ya ajiye kofinsa a hankali. "Nilza, zo ki zama shaida. Matar yaya, ki maimaita, kunnena ya tsufa."

"Ka ji ni sarai."

"Wato duk shekarun nan, duk jarumtar nan, ashe ba ki san inda ake dannawa ba ne?"

"Za ka nuna mini ko in je wurin Gilmar?"

Ya ja wayar yana dariya, ya duba, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Yau kasuwa a rufe take, sai Litinin. Amma da za ki ji tawa, da kin ƙara sati biyu. Za su fitar da rahoton damina, kuma na ji an ce mai kyau ne."

"Mai ɗakin ranar Juma'a ya ce a biya shi."

"To ni in ba yarinyar na wata biyu mana. Ai jikar yayana ce."

Ta karɓi wayarta ta ce, "Ka saya mata katifa da tukunya, wannan naka ne. Ɗakin nawa ne."

Ranar Litinin da ƙarfe goma suka zauna a teburin, ya riƙe mata wayar, ita ta danna da kanta. Ranar Alhamis ta raka Ivonete Viçosa, tafiyar wuni guda a mota, da katifar Aristides naɗe a cikin kaya.